Ina Labarin Sauran 'Yan Ajinmu?

Duk wanda ya gama jami'a a ƙasar nan ta Ghana wajajen 2017 ya san irin labaran da ke iso masa daga abokan karatu. Wane ya samu biza. Wance ta sauka lafiya, suna ranar Asabar a unguwar Aboabo ta Kumasi. Wane an ƙara masa girma a wurin aiki. Wane ya kammala digiri na biyu a Ingila, ga hotonsa cikin dusar ƙanƙara. Sai a yi ta zuba addu'a, Allah ya sanya alheri, Allah ya ƙara ɗaukaka, kuma da zuciya ɗaya ake yi. Sai kuma labarin rasuwa, wanda shi ba ya ɓoyuwa: mahaifin wane ya riga mu gidan gaskiya, za a yi addu'ar uku a Asawase, kowa ya tura abin da ya sawwaƙa ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Iyakar labaran ke nan, daga na murna sai na mutuwa. Abin da ke tsakaninsu, wanda shi ne rayuwar akasarinmu, ba ya zuwa.

Ka ɗauko sunayen 'yan ajinku ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Za ka tarar waɗanda ake jin ɗuriyarsu 'yan tsiraru ne, kuma su ɗin ne dai kullum. Sauran lambobinsu na nan a zauren WhatsApp na aji, suna karanta komai, ba sa cewa uffan. Wasu ma sun fice ba wanda ya lura. Ni a ganina wannan shiru ya wuce a ce harkar mai shi ce a ƙyale shi da ita. Ya shafi yadda Zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi a biranen Ghana, ke kallon karatun boko, ya shafi abin da hukumomi ke iya faɗa ba tare da kowa ya tuhume su ba. Kuma nauyin kawar da shi bai rataya a wuyan wanda ya yi shirun ba.

Ya kamata a tuna irin shekarun da wannan sahu ya faɗo cikinsu, domin ana saurin mantawa, daga nan sai a koma zargin matasa da lalaci. Wanda ya fito a 2017 ya tarar Ghana tana cikin yarjejeniyar bashin da ta ƙulla da asusun IMF a 2015, wadda ta ɗaure wa gwamnati hannu wajen ɗaukar sababbin ma'aikata, in ka cire ɓangaren lafiya da na ilimi. Ya yi hidimar ƙasa ta shekara guda a kan sidi 559 a wata, kuɗin da ba ya kai mutum ƙarshen wata ko da a gidan ubansa yake kwana. Waɗanda muka fara taya murna su ne masu karatun lissafin kuɗi da suka shiga bankuna da ƙananan kamfanonin ba da rance. To a watan Agusta na 2017 Babban Bankin Ghana ya soke lasin UT Bank da Capital Bank, shekara na zagayowa ya haɗe wasu bankuna biyar ya kafa Consolidated Bank a madadinsu, a 2019 kuma ya soke lasin ƙananan kamfanonin rance 347 a rana ɗaya. Duk wanda wannan guguwa ta yi awon gaba da aikinsa bai aiko mana da sanarwa ba. Mun dai daina jin motsinsa.

A 2018 aka ƙaddamar da shirin NABCO, aka ɗauki masu digiri da difloma dubu ɗari a kan sidi 700 a wata na tsawon shekara uku. Da yawa cikinmu sun shiga da fatan za a tabbatar da su a aiki, shirin ya ƙare, aka bar da dama suna bin bashin alawus. A ƙarshen Maris na 2020 aka kulle Akra da Kumasi saboda annobar korona, makarantun firamare ba su koma ba sai Janairun 2021, kuma kowa ya san halin da malaman makarantu masu zaman kansu suka shiga a watannin nan, alhali koyarwa a irin waɗannan makarantu ita ce mafakar mai digirin da bai samu aiki ba. Kafin a farfaɗo sai ga 2022. Dalar da ake saye a wajen sidi shida a farkon shekarar ta ninka fiye da sau biyu kafin ƙarshenta, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamba, kasafin kuɗin 2023 ya sake dakatar da ɗaukar ma'aikata, aka kuma koma wa IMF neman dala biliyan uku. Mutumin da ya ratso wannan duka bai tara abin nunawa ba, bai kamata a fara da tambayarsa me ya yi ba daidai ba.

A Zango kuwa abin yana da wani nauyi na daban. Da yawanmu mu ne na farko a gidajenmu da muka taka jami'a. Kuɗin makarantar daga tukunyar koko da ƙosai ya fito, ko daga shinkafa da waken da uwa ke tashi dafawa tun kafin kiran assalatu, ko daga adashinta, ko daga wani kawu direban babbar mota da ke jigila tsakanin Tema da Wagadugu. Ranar da aka yaye mu, gida ne kacokan ya cika motar haya ta trotro ya zo. Saboda haka digirin na gida ne, rashin aikin ma na gida ne. Ka je suna ko ɗaurin aure, dattijo ya riƙe hannunka da kyakkyawar niyya ya ce, “Ɗana, har yanzu ba su kira ka ba?” Ka ce, “Baba, muna nan muna jira, a ci gaba da yi mana addu'a.” Shekara ta farko amsar tana da sauƙin faɗa. A shekara ta biyar sai ka fara ƙaurace wa taron. Kana son ka fita daga ɗakin da kuke kwana da ƙannenka, mai gida ya ce sai ka biya hayar shekara biyu gaba ɗaya, duk da cewa dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da ta wata shida. Kana son aure, ga lefe. Wanda yake cikin wannan hali, me zai rubuta a ƙarƙashin hoton abokinsa da ke riƙe da makullin sabuwar mota in ba “Allah ya tsare” ba?

Akwai wani ɗan ajinmu da duk muka yarda ya fi mu kai, shi ke yi mana bita idan jarrabawa ta matso. An daɗe ba a ji daga gare shi ba. Wata rana da yamma na tsayar da pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, a hanyar Sawaba, sai ga shi a kan sitiyari. Mun gaisa, mun tambayi iyaye. Ya ce keken ba nasa ba ne, balas yake kaiwa kullum, kuma tun da aka hana su shiga tsakiyar gari a 2023 ciniki ya ja baya. Ya ƙi karɓar kuɗina. Da zan sauka ya ce, “Ɗan'uwa, don Allah wannan ta tsaya tsakaninmu.” Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a cikin ajin nan akwai mutanen da kira ɗaya za su yi a buɗe masa ƙofa, suna ƙaunarsa, suna tuna alherinsa, amma suna zaton yana wani wuri yana jin daɗi. Neman halal yake yi da guminsa, ba abin kunya a ciki ko kaɗan. Mu ne muka shirya zumuncinmu ta yadda ba wurin da irin labarinsa zai shiga.

Ɓarnar ba ta tsaya a kansa ba. Ƙannenmu suna kallo, kuma rabin labari suke gani ta kowane ɓangare. A unguwa suna ganin mai digiri zaune a majalisar ataya da hantsi, suna ganin sa'ansa da ya bar makaranta ya tafi koyon gyaran mota a Suame Magazine ya riga ya yi aure yana da yara masu koyon aiki a ƙarƙashinsa. Ba sa ganin ɗaya mai digirin da ke koyarwa a wani ƙauye a arewa yana turo wa uwarsa kuɗin cefane duk wata, domin shi ba ya ɗaukar wannan a matsayin labari. Sai yaro ya yanke hukunci cewa boko ɓata lokaci ne. Kada mu manta da wuya aka shawo kan iyayenmu da kakanninmu. Sun daɗe suna ɗari-ɗari da makarantun mishan saboda tsoron a raba 'ya'yansu da addini, kuma sai da aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa a 1987, makarantun Islamiyya suka fara haɗa Arabiyya da boko da malaman gwamnati, sannan hankalin gidaje da yawa ya kwanta. Yardar nan ba ta tsufa ba tukuna. Duk mai digirin da aka bari ya lalace a kan benci hujja ce a hannun wanda ke cewa ai dama mun faɗa.

Ɗaya rabin kuma shi ne na waje. Hoto daga Bronx ko Hambug ko Manchesta ba ya nuna awa nawa mutum ya yi a tsaye, ba ya nuna mutum nawa ke kwana a ɗakin, ba ya nuna bashin da aka ci kafin a hau jirgi. Cikin waɗanda suka tafi Ingila a 'yan shekarun nan akwai masu digirin injiniya da na tattalin arziki da ke aikin kula da tsofaffi. Aiki ne mai daraja, wasunsu kuma da shi suke riƙe da gidaje biyu uku a nan. Amma ƙanin da ke matsa wa uwarsa ta sayar da filin gado a biya wani dillalin biza ya cancanci a gaya masa gaskiyar aikin, a gaya masa cewa tun Maris na 2024 Birtaniya ta hana masu wannan aiki zuwa da iyalansu, a 2025 kuma ta rufe ɗauko sababbi daga waje. Wanda ya fi kowa sanin haka shi ne ɗan ajinmu da ke can. Idan ya turo hoto ya riƙe bayanin, to dillalin ne zai yi wa yaron bayani.

Na san abin da za a ce, kuma ba na raina shi. Za a ce sutura ce, Musulmi ba ya tallar talaucinsa, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Za a ce kuma akwai baki da hassada, har wanda ya samu ma ba komai yake faɗa ba. Gaskiya ne, kuma ba na kiran kowa ya fito ya zayyana wa mutum ɗari halin da tukunyarsa take ciki. Amma addinin da ya koya mana kamun kai bai tsaya nan ba. Aya ta 273 a Suratul Baƙara ta yi maganar mabuƙatan da wanda bai san halinsu ba yake zaton mawadata ne saboda kamewarsu, ba sa nacin roƙon mutane, ta kuma ce ana gane su da alamunsu. Ayar ba ta umarce su da su yi magana ba. Mai hali ta nusar da ya buɗe ido. Wanda ya yi shiru ya yi abin da mutuncinsa ya sa shi, saura mu. Ɗan aji da ya shekara biyu bai ce komai ba, ya daina zuwa buki, lambarsa ta daina shiga, ai alamar ke nan. Zumunci a ƙafa yake, kuma daga Tafo zuwa Asokore Mampong ba tafiyar kwana ba ce.

Dubi asusun taimakon da kusan kowane aji yake da shi. Ana tara kuɗi idan an yi rasuwa, ana tarawa idan za a yi aure ko suna. Abu ne mai kyau, kada a daina. Amma me ya sa sai uban mutum ya mutu sannan zai ga sidi dubu daga hannunmu? Kuɗin nan da zai biya wa wani rajistar jarrabawar lasin koyarwa, wadda aka fara yi a 2018. Da zai biya wa wani kuɗin mota da masauki zuwa Akra ranar da aka kira shi ganawar neman aiki, domin akwai waɗanda damar ta wuce su a kan kuɗin motar kawai. Da zai zama jarin farko ga wadda ta iya ɗinki ko girki tana neman injin ko firji. Ba sai an shelanta sunan wanda aka ba ba. A zaɓi mutum biyu da kowa ya amince da riƙon amanarsu, namiji da mace, su zama su ne ake gaya wa, su kuma ba sa gaya wa kowa. Iyayenmu mata da ba su shiga aji ba haka suke tafiyar da adashinsu shekara da shekaru: idan wata ta shiga matsatsi a ba ta ɗauka kafin lokacinta, ba tare da an yi mata gori ba.

Sai maganar guraben aiki. Kowa a Ghana ya san furotokol, ya san akwai ayyukan da kafin a buga su a jarida an riga an raba, ya kuma ji labarin waɗanda aka karɓe wa kuɗi da sunan za a sama musu kaki. Wannan zalunci ne, ba kuma ina cewa mu ma mu shiga a dama da mu ba. Amma tsakanin sayar da gurbi da sanar da ɗan'uwanka cewa akwai gurbi, akwai nisa. Ɗan da ubansa ya yi ritaya a ma'aikatar gwamnati, kakansa ya yi makarantar mishan, yana da mutanen da za su gaya masa yaushe za a buɗe, wace takarda ake dubawa, yaya ake amsa tambaya. Ɗan mai sayar da goro a Alabar ba shi da kowa a can sai waɗanda suka zauna aji ɗaya da shi. Idan ka samu shiga ka ja bakinka, ka rufe masa ƙofa ɗaya tilo da yake da ita.

Mata kuwa ɓacewarsu ta fi sauri. Ana ɗaura aure sai lamba ta canza, wani lokaci maigidan ne bai so ta zauna cikin zauren da ke da maza ba. Wannan tsakaninsu ne, amma ina roƙon 'yan'uwana maza su tuna da wahalar da aka sha kafin yarinyar Zango ta kai jami'a, su bar ta aƙalla ta riƙe ƙawayenta na karatu. Mu kuma mu daina ɗaukar cewa wadda ba ta ofis ba ta da labari. Na san wadda ke kawo mayafai da atamfa tana sayarwa ta waya, tana da shago a kasuwar Kejetia da 'yan mata da take biya albashi. Lissafin da ta koya a jami'a shi take aiki da shi kullum. Da ana jin irin nata, da iyaye da yawa sun daina tambayar amfanin karatun 'ya mace.

Abin da ya rage na hukuma ne, kuma shi ya fi girma. Ƙidayar 2021 ta ce marasa aikin yi sun kai kashi 13.4 cikin ɗari, a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 24 kuma kashi 32.8. Sai dai a wannan lissafi duk wanda ke yin wani abu da ke kawo masa ko kwabo mai aiki ne, ciki har da abokina mai pragya. Alƙaluman ba za su gaya wa uwa ko kwas ɗin da take shirin cin bashi a kansa yana kai mutum ga abinci ba. Amma ana iya sani. Hukumar hidimar ƙasa, wadda aka kafa shirinta tun 1973, tana da suna da lamba da kwas na kusan duk wanda ya gama babbar makaranta. Hukumar GTEC da aka kafa a 2020 ita ke ba jami'o'i izinin koyar da kwasa-kwasai. Me zai hana a wajabta wa kowace jami'a, daga Legon da KNUST har zuwa mai zaman kanta da aka buɗe jiya, ta bi sawun ɗalibanta bayan shekara ɗaya da uku da biyar, ta buga sakamakon kwas-kwas a inda kowa zai gani kafin ya sayi fom? Nawa ke aiki, nawa ke aikin da ya dace da karatunsu, nawa suka bar ƙasar. Jami'ar da ke alfahari da ministoci da manajojin da ta yaye, ta faɗi adadin sauran ma.

Mu a Zango muna da wurin da za mu kai wannan buƙata. An kafa ma'aikatar raya Zango da tsofaffin unguwanni a 2017, an rushe ta a 2021, amma dokar Asusun Raya Zango ta 2017 tana nan. Tattara sunayen masu digiri da difloma na Aboabo da Nima da Madina da Sabon Zango, da abin da suka karanta da inda suke yanzu, ba zai ci kuɗin gina kwalbati ɗaya ba. 'Yan majalisarmu da sarakunan Zango da limamanmu suna iya matsawa a yi, ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi kuma suna da ƙafar bin gida-gida.

Lokaci ma ba ya jira. Yaran da suka fara cin gajiyar sakandare kyauta a Satumban 2017 sun riga sun fito daga jami'a, sun fi mu yawa, na bayansu kuma sun fi su. A gidanmu akwai ƙanwata da ke jiran sakamakon jarrabawarta, tana cewa aikin jinya take so saboda ta ji ana fita waje da shi. Kafin ta cike fom zan kai ta wurin 'yar ajinmu mai shago a Kejetia, in haɗa ta a waya da wadda ke Ingila ta gaya mata yadda aikin dare yake, in kuma nemo mata wata ma'aikaciyar jinya cikin waɗanda suka gama suke zaune a gida suna jiran ma'aikatar kuɗi ta ba da izinin ɗaukarsu. Abokina mai pragya ma zan roƙe shi ya zauna da ita, in ya yarda.